Tambayi Likita: Idan masassarar damina ta kai yaro ga jijjiga

Tun da ruwa ya zauna, tabkunan Damagaram suka cika, wasiƙun da ke iso wa wannan fili kusan duk maganarsu ɗaya: yaro ya yi masassara, ya yi jijjiga, wani ya farfaɗo, wani ya zarce da suma. Likitan yara da majon ɗakin gaggawa da ke riƙe da filin su suka haɗu suka ba da amsoshin. Awon magungunan da za a gani a ƙasa na ma'aikatan lafiya ne, kuma don iyaye su gane abin da ake yi wa ɗansu. Ba don a sayo a gwada a gida ba ne.

Daga wata uwa, unguwar Birni: Assalamu alaikum Likita. Ɗana ɗan shekara 2 ya kwana biyu da zafin jiki. Cikin dare sai ya sandare, idonsa ya ƙafe, yana fizge-fizge yana kumfa. Uwar mijina ta sa masa cokali a baki don kada ya ciji harshe, aka kwara masa ruwan randa, aka yi masa hayaƙi. Allah ya sa ya tashi. In abin ya sake zuwa, me zan yi da hannuna?

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara masa lafiya. Iya ta yi abin da ta taras ana yi ne, kuma don ƙaunar jikanta ta yi, amma a lallaɓe ta a bar cokalin nan. Mai jijjiga ba ya haɗiye harshensa, harshe a ɗaure yake da ƙasan baki, cizon da zai yi masa kuma yakan warke cikin ƴan kwanaki. Cokali kuwa yana karya haƙori, guntun ya faɗa maƙogwaro, ko ya tura harshen baya ya toshe hanyar iska. Yatsa ma kada a sa.

Ki sauke shi ƙasa bisa tabarma, nesa da murhu. Ki kwantar da shi a gefensa, ba rigingine ba, fuskarsa ta ɗan kalli ƙasa, yadda miyau da amai za su zubo waje maimakon su gangara huhu. Ki tuɓe masa riga, ki naɗe zane ki sa ƙarƙashin kansa. Kada a danne shi: fizgar ba ta tsayawa da ƙarfin hannu, sai dai a goce masa kafaɗa. Sannan ki dubi agogon salula, domin abu na farko da za a tambaye ki a likita shi ne minti nawa ya yi, uwa a firgice kuwa minti 2 kan zame mata awa guda.

Kada a ɗura masa komai har sai ya farka sarai ya gane ki. Ba ruwa, ba nono, ba siro, ba rubutu, ba jiƙo. Yaron da hankalinsa ya gushe ba ya iya haɗiya, abin da aka zuba masa huhu yake nufa, bayan kwana biyu sai ga ciwon haƙarƙari ya hau kan masassarar. Hayaƙi yana ƙwace masa ƴar iskar da yake fama ya samu. Ruwan randa mai sanyi yana sa shi rawar ɗari, zafin ya ƙaru daga ciki. Tsumma da ruwa mai ɗumi-ɗumi ya fi. In ya farka, farasitamol gwargwadon nauyinsa, miligiram 15 ga kowane kilo, kada a maimaita kafin awa 6. Asfirin ba na yaro mai masassara ba ne.

Wasiƙarki ba ta ce an kai shi an gwada jini ba. In ba a kai ba, to tsugune ba ta ƙare ba, a kai shi yau. Duk yaron da ya yi jijjiga da zafin jiki a wannan lokaci na shekara sai an ɗiga jinin yatsarsa an duba palu, wato masassarar cizon sauro, ko da ya tashi yana wasa. In kuwa jijjigar ta wuce minti 5, ko ta dawo karo na biyu, ko ta tsaya amma bai gane ki ba bayan rabin awa, ko ya kasa zama, ko ya ƙi nono, ko yana amayar da komai, ba a jiran gari ya waye.

Daga wani magidanci, wani ƙauye a yankin Dirum: Likita, tsakaninmu da CSI, wato cibiyar lafiya ta yankinmu, tafiyar awa 2 ce a amalanke, da damina ma wani sa'in hanyar ba ta biyuwa. Kuna cewa a gaggauta. Mu da ke nesa yaya za mu yi?

Malam, tambayarka ita ce ta mafi yawan mutanen jihar nan. Akwai magani da aka yi domin irinku: artesunat na matsawa ta dubura, ƙwaya mai miligiram 100. Ana sa wa yaron da bai kai shekara 6 ba in ya nuna alamar haɗari kuma allura na nesa. Daga wata 6 zuwa ƙasa da shekara 3 ƙwaya 1, daga shekara 3 zuwa 6 ƙwaya 2. Bayan an tura, a haɗe ɗuwawun yaron a riƙe minti 10. In ta fito cikin rabin awa a sake sa wata. Zafi yana narkar da ita, don haka wurin ajiya ya zama mai sanyi.

Sai dai a ji wannan da kyau. Ƙwayar nan guzurin hanya ce kawai, tana rage ƙwayoyin cutar ne don yaro ya iso likita da rai. Inda ake asara shi ne yaro ya buɗe ido a hanya, a ce ai ya samu sauƙi, a juya gida. Kwana 1 ko 2 ciwon ya dawo fiye da da.

Abu na biyu sukari ne. Palu mai tsanani yana shanye sukarin jini, ƙarancinsa kaɗai ya isa ya jawo jijjiga da suma. In fizgar ta lafa amma yaron bai farka ba, a ɗebi ƙaramin cokalin shayi na sukari, a jiƙa da ɗigon ruwa ya yi kauri, a shafa kaɗan-kaɗan ƙarƙashin harshensa yana kwance a gefe, a maimaita bayan minti 20. Shafawa muka ce, ba ɗurawa ba, kuma ba sa'ad da haƙora ke datse ba.

Sauran kuma shiri ne, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Ka je yanzu, yaranka na lafiya, ka tambayi ma'aikacin ɗakin shan magani na kusa da ku ko mai kula da lafiya na garinku ko suna da ƙwayar nan. Ka riƙe lambar mai babur biyu, ba ɗaya ba. Kuɗin mai, tocila da karnen yaro, wato katinsa na likita, su zauna wuri guda. A bisa babur kada a goya yaron da ya suma, kansa na lilo a baya. Wani ya zauna a baya ya rungume shi a cinya, a gefensa. Tun 2006 dokar ƙasa ta yafe kuɗin duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 a likitocin gwamnati, don haka rashin kuɗi a aljihu kada ya sa a kwana da yaro a ɗaki.

Daga wani malamin makarantar allo, Garin Malam: Ana kawo mini yara masu taune-taune don in yi musu tofi, ana cewa iska ce. Ina so in san yadda cizon sauro zai taɓa hankalin mutum, da yadda zan gane wanda ya kamata in tura likita.

Allah gafarta Malam, mun ji daɗin wannan tambaya, domin sau da yawa zaurenku ake fara zuwa kafin a zo wurinmu.

Ƙwayar cutar da ke kisa a ƙasarmu sunanta falsifarum. Bayan sauro ya zuba ta, takan yi kamar mako a hanta, sannan ta fito ta shiga jajayen ƙwayoyin jini tana hayayyafa, kowane kwana 2 ta fasa su ta kama sababbi. Sharrinta na musamman shi ne tana sa ƙwayar jinin da ta shiga ta yi danƙo, ta manne a bangon ƙananan jijiyoyi. A ƙwaƙwalwa jijiyoyin nan sun fi silin gashi siranta. In suka cunkushe, jini ba ya gudu yadda ya kamata, iska da sukari ba sa isa, bangon jijiyar ya fara tsatsafo da ruwa, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗawa. Wani bincike da aka yi da na'urar hoton ƙwaƙwalwa a Blantyre ta ƙasar Malawi, aka fitar a 2015, ya nuna kumburin nan shi ne ya fi kashe yaran: yana danne wurin da ke tafiyar da numfashi, sai numfashin ya tsaya. Ko a hannun likita, cikin yara 100 da palu ya hau musu kai, 15 zuwa 20 ba sa tashi. Wanda ba a yi wa magani ba kuwa da wuya ya tsira.

Ba kowace jijjiga ce wannan ba. Akwai wadda zafin jiki kaɗai ke kawowa tsakanin wata 6 da shekara 5: gajera ce, jiki duka take kamawa, sau ɗaya take zuwa, yaro ya yi ɗan barci ya tashi ya nemi uwarsa. Ta palun ƙwaƙwalwa tana maimaituwa, tana daɗewa, wani lokaci gefe guda take kamawa, kuma in ta lafa yaro ba ya dawowa: a kira shi bai waiwaya, a mintsine shi bai ture hannu. Wani yakan banƙare, wani ya yi ta cizon haƙora, wani idanunsa su karkace. Kafin suman wani yakan yi surutai, ya yi ta zabura, ya ƙi gane mutanen gidansu, kuma wannan ne ke sa a ce iska.

Amma ba muna so Malam ya zauna tantancewa ba, mu kanmu ba ma rabewa da ido sai da gwaji. Ƙa'ida guda ta isa: in ka taɓa yaro ka ji zafi, ko aka ce ya yi masassara cikin kwanakin nan, to na likita ne, a sa'ar nan. A yi tofin ana ɗaura wa babur kaya, a ci gaba da addu'a a hanya da bakin gadon asibiti, babu mai hanawa. Rubutu a shafa a jiki, kada a ba shi a baki. Kalma guda daga bakinka cewa a tafi ta fi jawabinmu goma nauyi a kunnen iyaye.

Daga wata kaka, Mirya: An gwada jikata an ce palu ne, sai kuma aka ce za a ɗebi ruwan bayanta. Muka ƙi, don ana cewa yana gurgunta yaro. In an riga an ga palu, me kuma ake nema?

Iya, sanƙarau ake nema. Shi da palun ƙwaƙwalwa kamarsu ɗaya a gado: zafi, jijjiga, suma, kuma a ƙaramin yaro wuya ba lallai ya sanƙare ba. Gwajin yatsa ba ya raba gardama, domin da damina yara da yawa suna yawo da ƙwayar palu a jini alhali wani abu ne ya kwantar da su, kuma gwajin kan ci gaba da nuna palu makonni bayan an warke. Ƙasarmu ta sanƙarau ce. Jihar Zinder ta ga annobarsa daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023. Maganin palu ba ya taɓa shi ko kaɗan.

Allurar tana shiga ne can ƙasa wajen ƙugu, ƙasa da inda igiyar laka ta ƙare. Abin da ake ɗiba bai cika ƙaramin cokali ba, jiki na mayar da shi cikin ƴan awoyi. Yaran da aka gani sun nakasa bayan an ɗebi ruwan, ciwon da ya sa aka ɗiba ne ya nakasa su. In yaro ya yi rauni ƙwarai likita da kansa yakan jinkirta, ya fara allurar sanƙarau tare da ta palu.

Daga wani sabon ma'aikacin jinya a CSI, yankin Magarya: In aka shigo mini da yaro yana jijjiga kuma ni kaɗai ne a gadi, da me zan fara? Kuma mene ne kurakuran da aka fi yi?

Ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar aiki. Hanyar iska tukuna: gefe, tsotse miyau, iskar oksijan in akwai. Sannan sikeli. Ido ba mudu ba ne, kuma kowane awo da ke tafe a kan kilo yake.

Jijjigar da ta kai minti 5, ko wadda aka shigo da ita tun daga gida, diyazefam ta dubura: miligiram 0.5 ga kilo. Kwalbar miligiram 10 ce cikin mililita 2, wato mililita 0.1 ga kowane kilo, yaro mai kilo 10 mililita 1. Ka zuƙa, ka cire allurar, ka tura sirinjin santimita 4 zuwa 5, ka matse ɗuwawu. In bayan minti 10 ba ta tsaya ba, a ƙara sau ɗaya. Kada a yi na uku, yana kashe numfashi. Ka kuma tambaya ko an riga an yi masa a wani wuri, ka ajiye balan ɗin hura iska kusa da hannunka. In biyu sun gaza, fenobarbital miligiram 15 ga kilo, a hankali cikin minti 20 ta jijiya, ko a tsoka. Ba a ba da shi don rigakafi ga yaron da ba ya jijjiga: an gwada haka a Kilifi ta Kenya, sakamakon da ya fito a 2000 ya nuna jijjiga ta ragu amma mutuwa ta ƙaru.

Kana yin wannan kana auna sukari. Ƙasa da 3 mmol/L, wato wajen 54 mg/dL, a ba da gulukos mai kashi 10, mililita 5 ga kilo. In mai kashi 30 gare ka, awo 1 nasa da awo 2 na ruwan allura. In mai kashi 50 ne, 1 da 4. In babu abin awo kuma yaro a sume yake, ka ba shi kawai. A sake aunawa bayan rabin awa, sannan kowane awa 3 zuwa 4, domin yana sake faɗuwa.

Artesunat: miligiram 3 ga kilo in yaro bai kai kilo 20 ba, 2.4 in ya kai ko ya wuce. Kwalbar miligiram 60 ana narkar da ita da mililita 1 na bikarbonat ɗin da ke cikin kwalinta, a girgiza har ta washe, sannan a ƙara mililita 5 na ruwan gishiri na allura don jijiya, kowane mililita ya zama miligiram 10. Don tsoka mililita 2 ake ƙarawa, ya zama miligiram 20. Yaro mai kilo 10 ke nan mililita 3 ta jijiya, a tura a hankali kai tsaye, ba a zuba cikin ledar ƙarin ruwa ba. Abin da aka haɗa ya wuce awa 1 a zubar. Lokutansa: yanzu, bayan awa 12, bayan awa 24, sannan sau ɗaya a rana har ya iya haɗiya. Ko ya farka da wuri sai an cika ukun nan, sannan a bi da cikakken Coartem na kwana 3. Jijiya ta ɓuya? A yi a gaban cinya. Ɗuwawu ba wurin allurar yaro ba ne, akwai babbar jijiyar ƙafa a nan, in aka soke ta yaro ya tashi yana jan ƙafa. Dalilin da ya sa artesunat ya ture kinin shi ne gwajin da aka yi kan yara fiye da 5,000 a ƙasashen Afirka 9, aka fitar a 2010: kashi 8.5 cikin ɗari suka rasu a kan artesunat, 10.9 a kan kinin. In dole sai kinin, cikin ƙarin ruwa tsawon awa 4, ba a taɓa tura shi kai tsaye, kuma shi ma yana kayar da sukari.

Kuskuren da ya fi ɓoyuwa shi ne jijjigar da ba ta girgiza jiki. Yaro na kwance shiru, amma gefen bakinsa na motsi, ko yatsa guda na harbawa, ko ido ya karkata gefe yana rawa, miyau na dalala, numfashi na yankewa yana dawowa. Wannan jijjiga ce, a yi mata magani. Na biyu, sakin ƙarin ruwa da gudu don an ga yaro na jan dogon numfashi. Numfashin nan yawanci tsamin jini ne da ƙarancinsa, kuma gwajin da aka yi a Yuganda, Kenya da Tanzaniya, na 2011, ya nuna tura ruwa da yawa lokaci guda yana ƙara mutuwa. Ka dubi tafin hannu da cikin fatar ido; in sun yi fari fat, jini yake nema, ka faɗa wa inda za ka tura su shirya. Na uku, dekzametazon da manitol don kumburin ƙwaƙwalwa: ba sa ceto, na farkon ma yana tsawaita suma. Ka fara seftiriyakzon, allurar sanƙarau, ka rubuta kowane magani da sa'ar da aka ba shi a takardar turawa, ka tura shi asibitin gunduma ko Babban Asibitin Zinder bayan allurar farko, ba kafinta ba.

Daga wani uba, Sabon Gari: Ƴata ƴar shekara 4 ta yi kwana 3 a sume. Alhamdu lillahi ta farka, an sallame mu. Amma idonta a buɗe ba ta gani, ba ta magana, hannun dama ba ya ɗaguwa. Haka za ta zauna?

Malam, Allah ya ba ta lafiya, ya ba ku ladan jinya. Ba za mu yi maka alkawarin abin da ba a hannunmu yake ba, amma kada a yanke ƙauna tun yanzu. Kusan 1 cikin 10 na yaran da suka tashi daga wannan ciwo suna barin asibiti da irin abin da ka faɗa, musamman waɗanda sumansu ya yi tsawo, ko jijjiga ta yi ta maimaituwa, ko sukarinsu ya faɗi. Da yawansu suna samun sauƙi sosai cikin wata 6 na farko. Makantar nan ba daga ido take ba, idon lafiyarsa lau, ɓangaren ƙwaƙwalwa na ƙeya da ke karanta abin da ido ya gani ne ya jigata, kuma ita ce ta fi saurin dawowa, sau da yawa cikin makonni. Don haka kada a ɗiga mata komai a ido.

Hannun kuwa aiki yake so. Gaɓar da aka bari a naɗe takan ƙage. A nemi masu motsa gaɓoɓi na asibiti su koya wa mahaifiyarta yadda za ta miƙe kafaɗa, gwiwar hannu da yatsu a hankali, sau 3 a rana. A zaunar da ita cikin yara, a riƙa kiran sunanta, ana gaya mata sunan abin da aka sa mata a hannu. A gwada jinta ta hanyar tafi daga bayanta, domin wani rashin maganar kurumta ce. In tana ƙwarewa wajen cin abinci, a ba ta a zaune, kunu mai kauri, kaɗan-kaɗan.

Abu biyu a sa wa ido. Na kusa shi ne jini: mako 1 zuwa 3 bayan allurar artesunat jinin wasu yakan sake zubewa, don haka in ta yi fari, ko idonta ya yi rawaya, ko fitsarinta ya yi duhu kamar shayi, a koma. Na nesa shi ne farfaɗiya. In ta yi jijjiga ba tare da zafin jiki ba har sau 2 a ranaku daban, to sai an ɗora ta kan maganin kullum, irin su Gardénal. Ba a tsallake rana, ba a yanke shi farat ɗaya don an ga sauƙi, yankewar ce ke kawo jijjigar da ba ta tsayawa. Likita ne zai rage shi, yawanci bayan shekara 2 ba ta faɗi ba. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta miyau ko ta kwano, kada a ware ta. A dai tsare ta daga bakin rijiya, murhu da wankan tabki.

Wani abin sai an sa ta lakwal zai fito: mantuwa, rashin zama wuri guda, saurin fushi. Wajen 1 cikin 4 na irin yaran nan suna samun wani abu daga ciki, har waɗanda suka fita asibiti garau. A sanar da malaminta, kada a ɗauka taurin kai ne a bi ta da bulala.

Daga wani matashi, Matamaye: Babba ma yana yin wannan? Yayana ya dawo daga Aljeriya bayan shekara 4, masassara ta kama shi yana ta sambatu.

Yana yi, kuma irin yayanka ne abin ya fi kamawa. Ɗan ƙarfin da jikin babba ke da shi a kan palu cizon kowace damina ne ke sabunta shi. Wanda ya yi shekaru a hamada ya dawo kamar baƙo. Sambatu da masassara alamar haɗari ce, a kai shi yanzu. A babba ciwon yakan haɗa da ƙoda, don haka a lura ko fitsarinsa ya ragu. Mai ciki ma tana cikin haɗari, kuma artesunat ake mata ko cikin wata nawa ne. Amma in cikin ya wuce wata 5 ta yi jijjiga, dole a auna hawan jini da fitsari, domin jijjigar masu ciki maganinta daban.

Daga wata uwa, Kara-Kara: Ɗana ya sha maganin rigakafin da ake rabawa gida-gida, amma ya yi palu. Amfaninsa me ke nan?

Malama, sai mu tambaye ki: na kwana nawa ya sha? Maganin na kwana 3 ne. Ranar farko masu rabawa suke ba da ƙwaya 2 a gabansu, sauran 2 na amodiyakin a bar wa uwa, ɗaya gobe ɗaya jibi. Waɗannan biyun su ake mantawa, ko a ajiye don ranar masassara, ko a raba wa ƙane. Kariyar kuma ta mako 4 ce, shi ya sa ake dawowa kowane wata daga Yuli zuwa Oktoba, ga yara daga wata 3 zuwa 59. Wanda ya tsallake zagaye guda ya yi wata guda a buɗe, a tsakiyar sauro. In ya amayar cikin rabin awa a gaya wa masu rabawa. Yaron da ke da masassara a ranar rabo ba rigakafi yake so ba, gwaji da magani yake so.

Ko an sha daidai yana rage palu ne da kusan kashi uku cikin huɗu, bai kawar da shi duka ba. Allurar rigakafin palu da Nijar ta fara a Gaya cikin Satumban 2024 ita ma ragewa take, kuma sai an cika allura 4. Ki tambaya a CSI ɗinku ko ana yi. Sange kuwa kowane dare, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma, har da daren da aka kwana a tsakar gida saboda zafi. In ya yage a ɗinke, in za a wanke a yi da sabulun wanka, a shanya a inuwa.